Zanzibar ko Morishus: wanne ya fi wa mai son lambun itatuwa da yawon daji?

Hajiya Rabi, Rikkos: Assalamu alaikum 'yan uwa. Iyali ne mutum shida za su tashi daga Jos, kwana goma gare su, cikinsu akwai tsohuwa mai fama da gwiwa da yara biyu, ɗan shekara takwas da 'yar shekara goma sha ɗaya. Ba kwanciya a bakin teku suke so ba, so suke su ga itatuwa da tsirrai su taka daji da ƙafa. Sun tsaya tsakanin Zanzibar da Morishus. Masana, ku taimaka da abin da ake bukata dalla-dalla.

Malam Bitrus, Laminga: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin a zaɓi tsibiri a fara zaɓar wata, domin wata ne ke yanke hukunci. Zanzibar tana da damina biyu: babba daga Maris zuwa Mayu, suna ce mata masika, ƙarama kuma a Nuwamba da Disamba, suna ce mata vuli. Dajin Jozani yana kan ƙasa mai ruwa kusa da sama, in masika ta zauna sai ruwa ya taso ya kwanta a kan hanyar, ba yadda za a yi tsohuwa ta bi ta. Morishus kuwa tana kudu sosai, lokutanta a juye suke da namu. Zafinsu da guguwar teku daga Nuwamba zuwa Afrilu ne, sanyinsu daga Mayu zuwa Oktoba. Idan hutun makaranta na Yuli da Agusta za a bi, duka biyun suna cikin yanayi mai kyau. Idan hutun Disamba ne, Zanzibar ta fi, amma a shirya wa zafi.

Hajiya Rabi, Rikkos: Agusta ne Malam.

Malam Bitrus, Laminga: To madalla. Sai in yi gargaɗi guda wanda ya shafe mu mutanen Filato musamman. Jos tana kan tudu na kimanin mita 1,200, iskarmu sanyi da sauƙi. Mutum zai ce ai na hau Shere, wadda ƙololuwarta ta wuce mita 1,800, me dutsen Morishus mai mita 828 zai yi mini? Ba tsawon dutsen ne ke kayar da mutum ba, danshin iska ne. A nan in ka yi gumi iska ta busar da shi jiki ya huce. A tsibiri gumin ba ya bushewa, yana zuba ne kawai, jiki bai huce ba ga ruwa yana fita. Tafiyar awa biyu a can ka ɗauke ta kamar ta awa uku a nan.

Alhaji Sabo, Bauchi Road: Ni dai Zanzibar zan ce, ba wani dogon lissafi. Daga Abuja jirgin Habasha zai kai ka Adis Ababa, daga can a sauya jirgi zuwa tsibirin. Mutanen gari Musulmi ne mafi yawansu, abinci ba sai an yi tambaya ba, masallaci ko'ina. Kuma ƙasar shimfiɗe take, babu hawa da gangara, wanda shi ne abin da gwiwar Hajiya tsohuwa ke bukata. Jozani tana kimanin kilomita 35 daga tsohon garin Zanzibar da ake kira Stone Town, kan hanyar zuwa Paje a gabar gabas, awa guda a mota. Wajen kashi uku ne: hanyar cikin daji mai dogayen itatuwa, gefen gonaki inda birai ke zama, sai gadar katako da aka shimfiɗa a cikin itatuwan ruwan gishiri da suke kira mikoko. Awa biyu zuwa uku an gama duka, ɗan rakiya kuma daga ƙofa ake haɗa ku da shi.

Injiniya Nuhu, Rayfield: Alhaji, da girmamawa, an ce lambun itatuwa ake so. Zanzibar daji gare ta da gonakin kayan ƙamshi, amma lambu irin wanda aka tsara aka jera itatuwan duniya da sunayensu, wannan sai Pamplemousses a Morishus. Kadada 37 ne, Bafaranshe Pierre Poivre ya kafa shi a 1770, ana lissafa shi a matsayin mafi tsufa a kudancin duniya. Yanzu sunan Sir Seewoosagur Ramgoolam yake ɗauke da shi, firaministan ƙasar na farko. Shi ma a shimfiɗe yake, hanyoyinsa masu faɗi, ga inuwa ga kujeru. Daga Port Louis, babban birnin ƙasar, tafiyar minti ashirin ce ko makamancin haka in babu cunkoso. Tsohuwa za ta fi jin daɗinsa a kan saiwoyin Jozani da ke harɗe ƙafa.

Alhaji Sabo, Bauchi Road: Yini ɗaya ke nan Injiniya. Sauran kwana taran fa? Dajinsu duk tudu ne.

Injiniya Nuhu, Rayfield: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Black River Gorges, gandun da aka kafa a 1994, yana da hanyoyin ƙafa da suka kai kilomita 60 in an haɗa su, kuma yawancinsu ba na mai ciwon gwiwa ba ne. Amma akwai wuraren hange da mota ke kai ka har bakinsu. A bar Hajiya da mutum ɗaya a can, masu ƙarfi su shiga.

Ga yadda ake yi wa masu shigar. Manyan ƙofofi biyu ne: Pétrin a sama kan tudu, da ta Black River a ƙasa wajen yamma. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye mota a Pétrin, a bi hanyar Macchabée a gangara har ƙasa ana jin daɗi, sai a tuna motar tana sama. Ko dai a yi yarjejeniya da direba ya zagayo ya jira a ƙasa, ko a juya tun daga wurin hange. Na biyu, ƙasar wajen jan laka ce mai santsi kamar sabulu in ta jiƙe, kuma saman tudun na samun yayyafi ko da bakin teku rana ake yi. Hanyar hawa babban dutsen, ƙarshenta tsaye take, har igiya aka ɗaura don riƙewa. Ɗan shekara takwas kada a kai shi nan in an yi ruwa da daddare. Na uku, a lokacin sanyinsu rana na faɗuwa kafin ƙarfe shida, kuma a ƙarƙashin itatuwa duhu na riga shiga. Wanda bai fito ba zuwa ƙarfe huɗu ya makara.

Malama Saratu, Jami'ar Jos: Bari in ƙara a kan Pamplemousses, don mutane da yawa kan zagaye shi cikin minti arba'in su ce ba su ga komai ba sai kore. A ɗauki ɗan rakiya a ƙofa, a gama ciniki kafin a fara, a ba wajen awa biyu aƙalla.

Abu na farko dogon tafkin bado. Ba irin badon da muka sani a kududdufi ba ne, asalinsa daga kogin Amazon yake, ganyensa kamar babban faifai mai baki a naɗe sama, faɗinsa kan kai mita biyu. Ku sunkuya ku dubi gefen ganyen, za ku ga ƙasansa duk ƙaya ce da jijiyoyi masu kauri da ke riƙe iska, su ke sa ya yi yawo a kan ruwa. Furen yana buɗewa da dare, daren farko fari, na biyu ya koma ruwan hoda, daga nan ya nutse. Saboda haka wanda ya isa da sassafe shi ke tarar da shi a buɗe. A Agusta, da yake sanyinsu ne, ganyen kan ragu da girma, kada a yi tsammanin irin na hoto. A ja wa yara kunne kada su jefa tsakuwa ko kwabo a kan ganyen don gwada ƙarfinsa, yana hudawa ya ruɓe.

Na biyu dangin dabino da kwakwa, sun fi iri 80. Ku nemi a nuna muku talipot. Yakan yi shekaru da dama, daga talatin har zuwa tamanin, bai yi fure ba, sai ya fitar da wani katafaren fure a ƙololuwa sau ɗaya, ya zubar da 'ya'ya, ya mutu. Akwai kuka ma a ciki, yaran za su gane ta da kansu.

Baba Audu mai lambu, Naraguta: Malama, ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gonakin ƙamshin da Injiniya ya ambata. Kanumfarin da muke saye a Faringada da Terminus, ashe mutum zai gan shi a kan itacensa? In aka samo iri zai yi a Jos?

Malama Saratu, Jami'ar Jos: Baba, zai gan shi, amma ba zai tsiro ba, kuma ga dalili. Kanumfarin da ke kasuwa ba iri ba ne, tohon fure ne da aka tsinka kafin ya buɗe, lokacin da ya fara juyawa daga kore zuwa ja, aka shanya a tabarma 'yan kwanaki har ya yi duhu. Shuka shi kamar shuka busasshen zoɓo ne. Irin gaskiya yana cikin 'ya'yan da aka bari suka nuna, kuma shi ma in ya bushe ya mutu, cikin 'yan kwanaki ake shuka shi. Ko ya tsiro, itacen yana son danshin teku shekara duka. Hunturun Jos na Disamba da Janairu zai ƙone shi.

Gonakin suna wajen Kizimbani da Kidichi, arewa maso gabas da tsohon gari, rabin awa a mota. Yadda ake yi, ɗan rakiya zai murza ganye ko ya kankare ɓawo ya ba ka ka shaƙa ka faɗi sunansa. Kirfa ita ce mafi ban mamaki: ɓawon ciki shi ne kirfar shayi, ganyen na da ƙamshin da ya yi kusa da kanumfari, saiwar kuma in an kankare ta sai ka ji kamar man zafi na mura. Gyaɗar ƙamshi 'ya'yan itace ce da ke tsagewa biyu in ta nuna, a ciki ƙwallon na lulluɓe da wani jan zare kamar raga, shi ma kayan ƙamshi ne daban. Barkonon da ake cewa baƙi da wanda ake cewa fari duk daga kurangar guda suke, bambancin lokacin tsinka ne da cire fata. Banila kuma furenta yini ɗaya take buɗewa, da hannu ake haɗa mata aure da ɗan tsinke, dabarar da wani yaro bawa mai shekara 12, Edmond Albius, ya gano a tsibirin Réunion a 1841. Abin da ya sa take da tsada ke nan.

Alhaji Sabo, Bauchi Road: A kula da teburin sayarwa na ƙarshen zagayen. Farashinsa na baƙi ne, kasuwar Darajani a cikin gari ta fi sauƙi. Za'afaran kuma kada a saya, ba a noma shi a tsibirin, abin da ake ƙullawa da sunansa mai arha ba shi ba ne. Kanumfari mai kyau in ka danna shi da farce za ka ga maiƙo, kansa kuma bai gutsire ba. A tanadi ƙananan kuɗi na shilin, domin bayan ɗan rakiya akwai samarin da ke hawa kwakwa da masu saƙa hula da ganye, kowa na sa ran ɗan ihsani.

Baba Audu mai lambu, Naraguta: To ko ɗan reshe a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma fa? Na kirfa ko banila?

Malam Bitrus, Laminga: Baba, don Allah a'a. Shigo da ɗanyen tsiro ko iri ko ƙasa cikin Najeriya sai da izinin hukumar killace kayan noma, tare da takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka ɗauko shi. Ba don wahalar da mutane aka yi dokar ba. Ƙwaro ko cutar da ke maƙale a reshe ɗaya na iya shiga lambunan Filato, kuma mu nan da tumatir da dankali muke ci. Morishus ɗin da ake magana ita ce babbar shaida: wata 'yar gwaiba da aka kai can daga waje ta mamaye dajinsu har itatuwan asali ba sa samun wurin tsirowa, yanzu da hannu ake sare ta ana killace ɗan abin da ya rage. Busasshen kayan ƙamshi a ƙulle shi ne tsarabar da ta dace.

Likita Halima, Tudun Wada: Sannunku da ƙoƙari. Ga ɓangaren lafiya, kuma wanda za a fara da shi tun yau shi ne katin rigakafin shawara, wanda ake cewa katin rawaya. Duk wanda ya fito daga Najeriya za a nema a wurinsa a waɗannan tsibiran. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka kada a bari sai makon tafiya. Sau ɗaya ake yi ya isa har ƙarshen rayuwa. Ita Hajiya tsohuwa, in ta haura 60 kuma ba ta taɓa yi ba, a kai ta ta ga likita kafin a yi mata.

Ruwa: a lissafa rabin lita zuwa lita ɗaya ga kowane babba a kowace awa ta tafiya, a sha kaɗan-kaɗan ba sai ƙishi ya zo ba. A sa ƙullin gishiri da sukari na kemis a jaka, ƙulli ɗaya a lita ɗaya in dai haka aka rubuta a jikinsa. Alamar da za a lura da ita a yaro ita ce ya yi shiru, ya ce kansa na ciwo, fitsarinsa ya yi duhu. A tsaya a inuwa nan take.

Sauro: Zanzibar akwai maleriya, Morishus an kawar da ita, amma sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, a inuwar lambu kuwa ya fi yawa. Man sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ya isa, a shafa shi a kan man kare rana, ba a ƙarƙashinsa ba. Kada a shafa wa yara a tafin hannu.

Sai ruwan daɗi. A Zanzibar kada yara su shiga tafki ko rafi, akwai tsargiya. A Morishus mai rauni a ƙafa kada ya shiga kududdufin ƙarƙashin magangarar ruwa bayan an yi ruwan sama, akwai cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa ta nan.

Hajiya Rabi, Rikkos: Allah ya saka Likita. Biran Jozani fa, ba sa cizo? Yaran ne abin ji.

Malam Bitrus, Laminga: Ba su da faɗa, amma akwai ƙa'ida. A tsaya nesa da su kamar mita uku, kada a taɓa, kada a ba su abinci, mai mura kuma ya ja baya don suna ɗaukar cutarmu. Jan biri ne mai farin gashi a goshi a tsaitsaye, kuma asalinsa wannan tsibirin ne kaɗai. Ganye ne abincinsa, cikinsa ɗaki-ɗaki ne kamar na akuya, shi ya sa ayaba nunanniya ko biskit ke ɓata masa ciki. Wani abin lura, suna cin gawayi. Sukan ɗauko shi daga kututturen da aka ƙona, yana taimaka musu kashe dafin ganyen mangwaro da makamantansa. A je tsakanin ƙarfe takwas da goma na safe, lokacin suna kiwo ƙasa-ƙasa, kafin motocin baƙi su cika wajen. Da tsakar rana barci suke a sama. Kada a tsaya daidai ƙarƙashinsu.

Biran Morishus su ne ɓarayi. A wuraren hange sukan fizge leda daga hannun yaro, don haka abinci ya zauna cikin jaka a zuge.

Gadar mikoko kuma a tambayi lokacin cikar teku. In ruwa ya janye za ku ga ƙaguwa a cikin taɓo da saiwoyin da suka tsaya kamar ƙafafun gizo, in ya cika sai ƙananan kifi a ƙarƙashin katakon. Katakon na da santsi da safe, a riƙe tsohuwa.

Ustaz Kabiru, Anguwan Rogo: Abu biyu da za su rikita mutum. Mu nan mun saba alƙibla gabas ce, har muna cewa fuskantar gabas. A Zanzibar alƙibla arewa take kusan sak, domin tsibirin yana kudu da Makka a kan layi ɗaya. A Morishus arewa ce mai karkata yamma. Wanda sallah ta riske shi a daji kada ya bi fitowar rana. Na biyu agogon Sawahili: daga wayewar gari suke fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe shi ne “saa moja”, wato awa ɗaya. Direba zai ce zai zo “saa mbili”, kai ka ɗauka ƙarfe biyu, alhali takwas na safe yake nufi. A nuna masa a fuskar waya a tabbatar. Zanzibar na gabanmu da awa biyu, Morishus da uku.

Injiniya Nuhu, Rayfield: Kayan sawa. Takalmi mai rufi mai ƙasan roba mai gurza-gurza, wanda aka riga aka saba da shi. Sabon takalmi a ranar farko kanta ce da ƙuraje. Silifas a bar shi a masauki. Mata, doguwar riga mai jan ƙasa tana kwasar taɓo tana kama saiwa, a sa wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi mara nauyi. Shadda mai sitaci ba ta wajen. Tsohuwa a samo mata sanda, ta riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen gwiwar mai ciwo. A sauke taswirar wajen a waya tun a masauki don sabis na ɗaukewa a kwari. Mai kyamara ya fitar da ita daga ɗaki mai na'urar sanyi minti ashirin kafin a fara, in ba haka ba gilashin zai yi hazo. Tanzaniya kuma, wadda Zanzibar ke cikinta, ta hana ledar cefane tun 2019, a zuba kaya a jakar yadi.

Malama Saratu, Jami'ar Jos: Ga wanda ke karantawa yana da hali wata shekarar, a sa tsibiran Seshel a lissafi. A tsibirin Praslin akwai kurmin Vallée de Mai, bai kai kadada 20 ba, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1983. Nan ne ake samun kwakwar da ƙwallonta ya fi na kowane tsiro girma a duniya, 'ya'yan kan yi shekara shida zuwa bakwai kafin su nuna. Abin da zai ba Bahaushe sha'awa shi ne 'yar uwar giginya da goriba ce, zuriyarsu ɗaya, kuma kamar giginya akwai namiji akwai mace. Duk wanda ya san giginya, yana ɗaga kai ya ga ganyen zai gane dangi. Ba a fita da ƙwallon sai mai lamba da takardar hukuma. Wajen matakala ce da yawa, ga jirgin ruwa na awa guda daga Mahé, babban tsibirin ƙasar, wanda ke jijjiga sosai a watannin Yuni zuwa Satumba, don haka ban ba wannan iyalin shawararsa ba.

Injiniya Nuhu, Rayfield: Na saurari kowa. Don wannan iyalin, da tsohuwa da ƙananan yara, na sauko, Alhaji ya fi ni hujja. Da matasa ne zalla da ban yarda ba.

Alhaji Sabo, Bauchi Road: To Hajiya ga tsari. Ranar isowa da wadda ke bi mata a huta, jiki ya saba da danshi, a zagaya tsohon gari da yamma kawai. Rana ta uku gonar ƙamshi, a bar masauki bakwai da rabi. Ta huɗu hutu. Ta biyar Jozani, a kwana a gabar gabas tunda hanya ɗaya ce. Kada a haɗa gona da daji a yini ɗaya ko da mai shirya yawon ya ce ya fi arha, yaran za su gaji kafin a kai ga birai. Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta hukumarta tun Oktoba 2024, a biya ta intanet a buga takardar kafin a tashi, kowa da tasa har yara. Daga Jos kuma a sauka Abuja kwana ɗaya kafin ranar jirgi, kada a dogara da hanyar Akwanga da Keffi a safiyar tashi, ga damina.

Hajiya Rabi, Rikkos: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Likita, katin rawayan a ina za a yi wa yaran, kuma wanda aka yi musu suna jarirai ya wadatar?

Likita Halima, Tudun Wada: Allurar da aka yi musu a wata tara ita ce dai, amma katin asibiti na jarirai ba ya wucewa a filin jirgi. A ɗauki katin nasu da fasfo a je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai a Abuja, a biya ta intanet tukuna a tafi da rasit. A duba lambar fasfo da aka rubuta a kan katin kafin a bar wajen.